Abin da aikin famfo ya koya mini game da bututun roba

Lokacin da na fara koyon aikin famfo, rabin aikinmu a tsofaffin gidaje cire bututun ƙarfe ne. In ka yanka shi sai ka tarar tsatsa ta cinye cikinsa, hanyar ruwan ta tsuke har ɗan yatsa ba ya shiga. Shi ya sa mutane suka karɓi bututun roba na PVC hannu bibbiyu. Ba ya tsatsa, ga arha, ga rashin nauyi, zarto kaɗai ya isa a yanka shi. Ba kuma sabon abu ba ne, tun shekarun 1930 aka fara jan ruwa da shi a Jamus. Yau shi ne a rijiyar burtsatse, shi ne a gonakin noman rani, a cikinsa ake zura wayar lantarki a bango.

Sai dai rashin tsatsar nan ya sa ake ganin babu abin da ke cinsa. Akwai, kuma zafi ne. Abin da maigidana ya fara cusa mini ke nan: da zarar ruwa ya wuce digiri 60, PVC ya fara laushi, ya lanƙwashe, mahaɗarsa ta saki. Ba a haɗa shi da hita. Ruwan zafi na wani irin bututun roba ne da ake kira CPVC, wanda ke jure har wajen digiri 93, ko koren nan PPR da ake narka bakinsa da inji.

Rana ma tana yi masa illa a hankali. Duba bututun da ya sauko daga tankin sama, ya sha ranar Afrilu shekara da shekaru ba inuwa. Ya koɗe, ya yi gautsi, abu kaɗan ya buge shi sai ya tsage. Farin fentin ruwa yana kare shi, binnewa ta fi. Yana kuma miƙewa ya dawo: mai tsawon mita 6, in zafi ya ƙaru da digiri 30, yakan ƙara sama da santimita ɗaya. Wanda ya ɗaure shi tamau a bango bai bar masa wurin motsi ba, to ya jira yoyo a elbo, wato mahaɗar da ake sa wa a kwana.

Inda na fi daɗewa kafin in gane shi ne gam. Aikinsa narkar da fatar bututun da ta soket, wato guntun da ke haɗa bututu biyu, su haɗe su zama abu guda. Don haka sai an yanka daidai, an kankare baki, an goge ƙura da danshi, a shafa wa ɓangarorin biyu, a tura har ƙarshe tare da ɗan murɗawa, a riƙe kamar daƙiƙa 30 don kada ya turo kansa waje. Layin da zai ɗauki matsin ruwa kuwa nakan bar shi ya kwana. Mai gida zai ce, “Malam, a sakar mana ruwa yau mana.” Sai in ce, “Alhaji, a yi haƙuri zuwa gobe da safe.”

Abin da ke damuna a sana'armu shi ne gasa bakin bututu a wuta ya buɗe a zura wani a ciki, don kada a sayi soket. Wurin da aka gasa yakan sirance, can zai fara fashewa, galibi bayan an rufe da tayil. Ga hayaƙin. Kusan kashi 57 cikin ɗari na PVC sinadarin kulorin ne da ake samu daga gishiri, in ya ƙone yana fitar da iska mai cin huhu da ido, kuma yaran da ke koyon aiki su ake sa wa riƙe shi a kan wutar.

In za ni sayayya kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, kaurin bututu nake fara dubawa kafin kuɗinsa. Na fitar da ruwan wanka da na masai, irin inci 4 da ke zuwa sokawe, ba a yi shi don matsi ba, gangara kawai yake buƙata. Na famfo daban yake, mai kauri, da lambar matsin da zai ɗauka a rubuce a jikinsa. Wanda ba rubutu ba na ɗauka. A rami kuma sai na shimfiɗa yashi ƙasa da sama kafin a mayar da ƙasa, domin tsinin dutse ɗaya ya isa ya huda shi ranar da mota ta taka wurin.