Waken suya a jigawa: saiwa ta yi ja

Alhamdu lillahi 'yan'uwa, fegin jigawar da ke wajen Shika, kusa da Zariya, ya amsa. Mako shida da shuka, waken ya fara fure, na haƙo gindi da fartanya na tarar da ƙululai jere a jikin uwar saiwa. Da na fasa ɗaya da farce, cikinsa ja kamar tsokar nama. Jan nan shi ne shaidar bakteriyar da ke zaune cikin ƙululan tana zuƙo wa waken naitirojin, sinadarin da shuka ke buƙata, daga iska. In kun ga fari ko kore, ba ta aiki.

Irin TGx 1448-2E ne, garin bakteriyar da ake shafa wa iri kafin shuka kuma Nodumax na IITA, cibiyar binciken noma da ke Ibadan, giram 100 ga kilo 10 na iri. Wannan kowa ya sani. Abin da ke cin rai shi ne yashi. A ƙasar laka an fi samun ƙululai cikin sauƙi, jigawa kuwa ba ta yafiya. Saman kunya yana ɗaukar zafi da hantsi, ruwa ya zarce ƙasa, zafi da bushewar nan na iya kashe bakteriyar kafin saiwa ta iso gare ta. Sai mutum ya ga ganye yana rawaya ya ruga ya watsa yuriya, ita kuma ta rage fitowar ƙululan. Don Allah a bar yuriyar nan!

Ga abin da ya yi aiki. A jiƙa ƙaro, wanda zai manne garin a jikin iri, a ruwan ɗumi, ya huce sarai kafin ya taɓa iri. A yayyafa kaɗan, irin ya yi sheƙi kawai, in ya jiƙe ɓawonsa zai saɓule. A zuba garin a juya har kowace ƙwaya ta yi baƙi, a shanya a inuwa, a shuka a ranar, da yamma, washegarin ruwa mai nauyi. Zurfi santimita 4 zuwa 5, a danne. Ruɓaɓɓen takin shanu a cikin kunya shi ke riƙe laimar.

Takin supa, mai fosfaras, ya yi tsada bana, ya ƙona mini aljihu, amma babu makawa: in ba fosfaras ƙululan ƙanana za su tsaya. Buhu 3 zuwa 4 ne a hekta.

Layukan gefen gabas har yanzu saiwarsu fayau take babu ƙululai, kuma nan ne yashin ya fi zurfi. Baɗi sai taki ya shekara a wurin kafin in sake sa iri.