Yau na ga huhuna da idona

Wata uku ke nan ina fama da numfashi, ɗan hawa bene sai in tsaya ina haki. An sa na hura iska a na'urar gwajin numfashi, amma likita ya ce iskar da ta fito kaɗai take aunawa, wadda ta maƙale a ciki ba ta ganinta. Shi ne aka tura ni hoton CT, wato hoton da ke nuna cikin jiki dalla-dalla.

Na kwanta, hannuwa sama da kai. Aka ce in ja numfashi har ƙirji ya cika, in riƙe. Wallahi 'yan daƙiƙun nan sun yi mini tsawo! Aka sake ɗauka bayan na fitar da iska duka.

Likita ya jera hotunan biyu, kwamfuta ta lissafa iskar da ke cikin kowanne. Ashe huhun baligi yakan ɗauki kusan lita 6, numfashin yau da kullum kuwa rabin lita ne kacal. Ko ka fitar iya ƙarfinka, fiye da lita 1 na nan ciki.

Iska baƙa take fitowa a hoton. A na biyu huhuna ya tsuke ya yi toka-toka, ban da wani yanki a ƙasan dama da ya tsaya baƙi wuluk. Can iskar take maƙalewa, ƙananan hanyoyinta sun ƙuntata. Na daɗe ina kallon wurin.

An ba ni maganin shaƙa. Alhamdulillahi, ku sa ni a addu'a.