Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ganga Ba Ta Kiran Mutum Ɗaya

Makon jiya na tsaya a inda na sauka Niigata ta ƙasar Japan da rigar sanyin da na saya a Ƙofar Wambai, na kuma yi alkawarin ba ku labarin gonar gwaji da shinkafarsu Koshihikari. Ku yi haƙuri, wani abu ya sha gabansa. Ranar Talata yaron wajena ya dawo daga makaranta, wai an ce su rubuto sana'ar kakansu. Na ce ya rubuta makaɗi. Uwarsa ta ɗago kai ta dube ni, na ce ya rubuta da manyan baƙi. Tun ranar ba abin da ke raina sai ganga.

Kun san maganar kawun yarinyar nan ta Kura da na nema da aure, na ba ku ita a kashi na tara. "Ɗan makaɗi ko ya haɗiye littafi, roƙo ne gadonsa." A zaurensu ya faɗe ta, a gaban Baffa, washegari aka aiko mana da goronmu. Da wannan magana na hau jirgi. Shekara biyu na yi a Japan ban gaya wa kowa sana'ar Baba ba, in an tambaye ni sai in ce manomi ne. Yana noman kam, amma kalangun da yake yi wa mahauta ranar kasuwa shi ya biya min kuɗin jarrabawa, shi ya saya min takalmin da na shiga jami'a da shi.

Ɗakin da na kama yana bayan gari, tsakiyar fadamun shinkafa. A unguwar akwai wani allo da ake maƙala wa takardun sanarwa, kairanban suke ce masa. Ka karanta, ka sa hannu, ka kai wa maƙwabcinka da ƙafarka. Wata tsohuwa da muke katanga ɗaya ita ke kawo min, na sa mata suna Iya a zuciyata. Wata rana a Yulin 2010 ta ɗora yatsa a kan wani layi ta ce, koyon taiko, wato kiɗan gangarsu, bakwai na yamma, a ɗakin taron unguwa. Na yi godiya na ajiye. Da ma ina jin kiɗan kullum bayan magariba, ta ƙasa yake zuwa, ƙafa ke fara jinsa kafin kunne. Ina rufe taga. Ni da na tsallaka duniya don in rabu da ganga.

A dare na huɗu ko na biyar na je.

Gangarsu gungumen ice guda ne ake rarakewa, na wata bishiya da suke kira keyaki, a rufe bakinta biyu da fatar saniya, a kafe da baƙaƙen ƙusoshi masu kai. Ba ta da tsarkiya, don haka ba a matsa ta a hammata ta yi magana kamar kalangu. Kalangu yana kiran sunanka da na ubanka, ita kuwa sai ta girgiza maka ƙirji. Sanduna biyu miƙaƙƙu ake buga ta da su, bachi. Mai koyarwar wani dattijo ne manomin shinkafa, kowa Sensei yake ce masa. Ba takarda ko ɗaya, da baki yake koyarwa: don, doko, don, ka. Don shi ne dukan tsakiya, ka kuma dukan gefen icen. Sai yaro ya iya rera kiɗan da bakinsa ake ba shi sanda. Haka Baba ya koya wa Yaya taken mahauta a ƙofar gida, ni ina laɓe da littafi ina nuna ban ji ba. Ashe na ji.

Da ya miƙo min sandunan na buga zagaye biyu, sai ya ɗaga hannu kowa ya tsaya. Ya ce, waye makaɗi a gidanku? Na ce mahaifina ne, da kakana. Karon farko ke nan da na faɗa da bakina a ƙasar. Dattijon nan ya haɗa ƙafafunsa ya rusuna min, ya ce in isar da gaisuwarsa ga mahaifina. Na fita waje na tsaya bakin fadama, kwaɗi na ta kuka, na daɗe ban koma ciki ba.

Baba yana da wata magana da yake yi in an raina shi, wato kusan kullum: ganga ba ta kiran mutum ɗaya. Ina yaro na ɗauka lallashin kai ne. A ɗakin taron nan na gane abin da yake nufi. 'Yan firamare na nan, iyayensu mata na nan, da mai kai wasiƙa, da tsofaffin da 'ya'yansu suka tafi Tokyo aiki suka bar su da gidaje masu ɗakuna shida. Kafin a taɓa ganga Sensei sai ya bi fuskoki, wa ya zo, wa bai zo ba. Wani tsoho da matarsa ta rasu ya yi fashin dare biyu, aka tura samari biyu gidansa, suka tarar da shi kwance da zazzaɓi ba mai ba shi ruwa. Da hunturu ya shigo dusar ƙanƙara ta toshe ƙofofi, waɗannan samarin ne suka bi gidajen tsofaffi da shebur, don sun san gidan kowa da wanda ke kwana shi kaɗai. Sensei ya ce min a da iyakar ƙauye ita ce inda sautin ganga ya ƙare, duk wanda ke jin ta ɗan gari ne. Ɗakina kuwa taku ɗari uku ne daga wurin.

Na san masu karatu za su tambayi batun addini, don Baffa ma ya tambaya. Tun farko na gaya musu ni Musulmi ne, ba na shiga wurin bautarsu, ba na yi masa kiɗa, ba na shan giyarsu. Ba wanda ya ja da ni, shayin sha'ir suke ajiye min. Bikin Obon na tsakiyar Agusta, da suke tunawa da magabatansu, ya faɗo cikin azumi a shekarar. Na taya su kafa hasumiyar katako da ake ɗora ganga a kai, na koma ɗaki. Daga taga na ga motocin 'yan Tokyo sun cika layi, jikoki na zagaya hasumiyar da kakanninsu. Rana na faɗuwa Iya ta ƙwanƙwasa min da curin shinkafa uku a faranti.

Amma kada ku ɗauka na je aljanna ne. Fatar babbar gangar ta tsage, aka bi gida gida aka haɗa kuɗi, na raka Sensei a ƙaramar motarsa ta gona muka kai wa masu gyara. Da aka cire fatar sai ga rubutu da tawada a cikin icen, sunayen waɗanda suka sassaƙa ta da waɗanda suka sake mata fata, kowa da shekararsa. A hanyar dawowa ya rage murya, alhali mu biyu ne a motar. Ya ce masu fiɗa da jima, waɗanda gangar ƙasar ta fito daga hannunsu, an ware su shekaru aru-aru, su ne ake kira burakumin. An soke wariyar a doka tun 1871, amma har a zamaninsa ana binciken asalin mutum kafin a ba shi aure. Ya ce a unguwar Naniwa ta Osaka, inda aka shahara da haɗa ganga, samarinsu sun kafa ƙungiyar kiɗa a 1987 suka sa mata suna Ikari, wato fushi. Ban ce komai ba. Zauren Kura nake gani, da Baffa yana neman takalminsa hannunsa na rawa. Mahauta, majema, makaɗa: ko'ina ana son naman, ana son takalmin, ana son kiɗan, a hana ka 'ya.

Kawun nan yana nan da ransa. Ranar jana'izar Baba mahautan kasuwa uku ne suka rufe tukuba suka zo, har aka rasa wurin sahu, shi kuma na hango shi a sahu na biyu. Na gaishe shi don Baba bai koya mana rashin gaisuwa ba. Wannan sai nan gaba.

Bayan girgizar ƙasa da igiyar ruwa ta 11 ga Maris 2011, muka ga 'yan makarantar Ogatsu da ke Ishinomaki a talabijin. Ruwa ya tafi da gangunansu da gidajensu, sai suka nannaɗe tsofaffin tayoyin mota da salatif suna bugawa, iyayensu da aka warwatsa a matsugunan wucin gadi suna taruwa su ji. A daren na kira Baba. Na ce, Baba, akwai abin da ban gaya maka ba, kiɗa nake yi a nan. Shiru ya biyo baya har na ɗauka layi ya yanke. Na kunna masa abin da muka ɗauka a ɗakin taro, na kara wayar. Da ya ƙare ya ce, fatar mece ce? Na ce ta saniya ce, Baba. Ya ce ai ya ji, akuya ba ta wannan nauyin. Sai ya ce, ku nawa ne? Na ce mun kai talatin, har da yara. Ya ce in sake kunna masa daga farko, ya ƙwala wa Inna kira ta zo ta ji.