Bidiyon da ya shigo bayan Asuba

Laraba da dare, Unguwar Rogo, Jos.

Na dawo daga sallar Asuba, sanyi na ratsa ƙashi, na tarar Kawu ya turo bidiyo a zauren WhatsApp na danginmu. Gidaje na ci da wuta, mata na gudu da goyo, a ƙasa an rubuta: "Yanzu haka ake kashe 'yan uwanmu a Filato. Duk mai kishin addini ya tura gaba." Kafin shayina ya huce, mutum tara sun yi salati, uku sun fara tsinuwa.

Sau uku na kalla. Ciyawa kore shar, ƙasa jiƙe da ruwa, alhali mu nan hazon hunturu ya rufe duwatsun Shere tun makon jiya. Na rubuta, "Kawu, anya nan ne kuwa?" Sai na goge. Na san hoton ba na yau ba ne, tsoro ne kawai ya kama ni, kada a ce yaron nan boko ya cinye masa imani. Wanda ya haɗa saƙon ya san aikinsa: ya saka kalmar kishi a gaba, yadda duk wanda ya yi tambaya zai zama munafuki tun bai rufe baki ba.

Abin da ya fi ci mini rai a kasuwar Farin Gada ya faru. Akwai wata dattijuwa Birom da nake sayen dankali a wurinta shekara shida, har bashi takan ba ni. Ta ce, "Sannu ɗana, ya sanyi?" Na amsa a daƙile, ina ƙirga canji, ban ko dubi idonta ba. Ni da na gane bidiyon ƙarya ne, ga shi ya shige ni duk da haka. Sai na lura tana ɗaure buhunanta tun azahar ba ta yi ba. Wai 'yarta ce ta kira, ta gani a Facebook cewa Hausawa na shiri. Hannunta na rawa tana ƙulla igiya.

Mu 'yan Jos mun san farashin jita-jita. Ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 ina firamare, na ga hayaƙi ya turnuƙe gari. Aka sake a 2008, aka sake a 2010, har unguwanni suka rabu, kowa ya koma cikin nasa. A rikicin Barikin Ladi na Yunin 2018, binciken BBC ya nuna an yaɗa hotunan da ba ma a Najeriya aka ɗauke su ba, kuma an kashe mutane a kan hanya bayan sun bazu. A Ruwanda a 1994 rediyo ta yi ta kiran 'yan Tutsi kyankyasai, har maƙwabci ya daina ganin maƙwabcinsa mutum.

A cikin wannan rikici na 2018 ne kuma Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar ya ɓoye mutane sama da 200, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa. Shi ya tsaya gaban masu makami. Ni tambaya ɗaya ta gagare ni a gaban dangina.

Bayan Isha'i na tura wa Kawu saƙo shi kaɗai, da ladabi. Na ce ya dubi ciyawar, na tuna masa aya ta 6 a Suratul Hujurat kan bincika labari. Ya karanta, bai amsa ba tukuna. Gobe da sassafe zan koma Farin Gada, akwai gaisuwar da dattijuwar nan mai dankali ke bi na.