Laraba, a kan gadar masu ƙafa

Yau ni da ƙanina muka kwashi kaya muka nufi gadar nan ta masu ƙafa, dama na jima ina son hoton fitilun motoci, irin wanda in ka bar shata (ƙofar da ke barin haske ya shiga kyamara) a buɗe suke jan layi ja da fari a kan kwalta. Lokacinsa bayan magariba ne kaɗan, sama ba ta gama baƙi ba, don haka sai da muka yi sallah a gefen titi sannan muka hau.

Shi yaron nan gani yake da an ɗora kyamara kan tirafod (abin ɗora ta mai ƙafa uku) shikenan magana ta ƙare. Na saita masa ISO 100 (yadda kyamara ke jin haske), f/11 (faɗin ramin lens), shata a buɗe sakan 15, na ce to bismillah. Ya danna da yatsa, hoto ya fito layin fitilun duk ya karkace kamar sawun maciji, rubutun allon talla ma ya zama biyu.

"Yaya, ko lens ɗin ne ya samu matsala?"

Na ce ɗora tafin hannunka kan ƙarfen gadar nan tukuna. Tirela na wucewa ta ƙasa sai ga shi ya zaro ido, ashe gadar kanta rawa take, balle in mutane sun taho a jere suna taka ta. Tirafod ko na miliyan nawa ne ba zai hana wannan ba tunda abin da yake tsaye a kai ne ke motsi. Muka matsa can ƙarshe wajen ginshiƙi inda ta fi tsayuwa, in za mu ɗauka sai mun jira ƙafa ta ɗauke.

Sauran kuma ƙananan abubuwa ne amma wallahi su ke ɓata aiki. Na sauke sandar tsakiyar tirafod don in ka zaro ta sama iskar hunturun nan kaɗai ta isa ta kaɗa kyamara, na naɗe igiyar wuya da take ta filfilwa, jaka kuma na rataye ta a ƙugiyar ƙasa amma yadda gindinta zai taɓa daɓe, in ba haka ba ita ma lilo za ta dinga yi. Na kashe IS na jikin lens, wato abin rage rawar hoto (masu Nikon VR suke da shi), a hannu yana taimako amma kan tirafod tsofaffin lens irin nawa sai su hau gyaran motsin da babu shi. Fokas na mayar na hannu don a duhu otomatik sai ya yi ta kai da komo. Rimot ba mu da shi, taima na sakan 2 muka sa, ka danna ka janye hannunka. Na kulle madubin cikin kyamara, wanda ke ɗagawa da bugu in an danna, a sama ma, duk da shi bugunsa ya fi nunawa a wajajen 1/15 na sakan zuwa sakan 1, a sakan 15 ba ya wani tasiri.

Hotunan bayan nan sun fito tsaf, har lambar wani adaidaita sahu da ya faka ana karantawa in an yi zumin. Yaro ya ce mu ƙara lokaci, na ce wuce sakan 30 sai Bulb, inda shata ke zama a buɗe muddin ana danne, shi kuma in ba rimot yatsanka ne zai zauna kan maɓalli. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan leƙa kasuwa in ji kuɗin rimot.