Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Ranar da hoto ya tona asirin waldata

A makon jiya na tsaya inda na bar haɗa ƙofofi da tagogi a Agege, na samu shiga wani wurin gyaran jiragen ruwa a gefen Apapa. Ƙarshen 2018 ke nan. Da fankamata na shiga, don a unguwarmu in aka ce walda, ni ake nunawa.

A sati na uku aka ba ni haɗin farantan ƙarfe biyu a jikin wani jirgin dakon kaya. Na duƙufa na zuba musu walda kamar kitson amarya. Washegari aka kawo na'urar hoto, 'yar'uwar ta asibiti mai nuna ƙashi, aka haska. Ashe cikin duk ƙananan ramukan iska ne. Aka ce in cinye ta da giranda in sake, aka kuma yanke mini kuɗin kwana biyu. Har gobe ina ganin na kwana ɗaya ya isa horo.

Bayan isha na tafi Obalende wurin Kawu, ƙanin mahaifiyata, tsohon sojan ruwa. Ya yi shekaru a ɗakin injin NNS Aradu, jirgin da aka ƙera a Hambog ta Jamus ya fara aiki a 1982.

"Kawu, waldar nan fa duk wanda ya gani sai da ya yaba."

"Ɗana, ruwa ba ya kallo. Shiga yake yi."

Ya tura mini kofin shayi, ya ce in gode Allah jirgin da ke yawo a saman ruwa na samu. Jirgi mai nutso ƙarƙashin ruwa kuwa, in ya kai zurfin mita 200, duk wurin da bai wuce faɗin farce ba a jikinsa yana ɗauke da nauyin kusan kilo 20. Rami ɗaya irin nawa, ran mutum talatin da wani abu da ke cikin jirgin ne a bayansa.

A watan ne Brazil ta saki sabon jirginta mai nutso, Riachuelo, a ruwa a garin Itaguaí, kuma Kawu ya bi labarin kamar ɗansa ne ke aure. Tun 2008 suka ƙulla yarjejeniya da Faransa. Abin da ya fi burge shi, ba su zauna jiran a kawo musu a gama ba. Sun tura injiniyoyi da masu walda Cherbourg ta Faransa, aka haɗa sashen gaban jirgin da hannunsu a ciki, suka dawo gida suka ƙarasa. Shekara goma kafin na farko ya taɓa ruwa. Koriya ta Kudu ma haka: na farkonsu a Kiel Jamusawa suka ƙera, sauran takwas a gida, a Okpo, daga baya har Indunisiya ta zo saye a wurinsu.

Na ce, "To mu fa, Kawu?"

Ya ce ba mu da mai nutso ko ɗaya. Amma ya nuna da haɓa wajen Victoria Island, inda aka ƙera NNS Andoni a 2012 da Karaduwa a 2016. Ƙanana ne na sintiri, ya ce, sai dai masu walda irina ne suka haɗa su. A lokacin na ɗauka lallashina yake.

Da zan tashi ya tambaye ni inda nake ajiye tsinkayen walda. Na ce a buhu, ƙarƙashin benci. Ya yi dariya har da tari. Raɓar Legas ce ke shiga garin da ke jikin tsinken, in wuta ta kama sai ta bar iska a cikin ƙarfe. Ashe akwatin nan mai zafi da na ga abokan aiki suna ɗumama doya a kai, don gasa tsinke aka ajiye shi.

Ranar Litinin na riga mai gadi buɗe ƙofa. Na gasa tsinkayena, na sake haɗin, aka ce mai hoto sai Alhamis. Mu haɗu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.