Ledar da malaminmu ya ɗaure a reshe

Gaskiya lokacin da na fara kwas ɗin gandun daji ban ɗauki bishiya a bakin komai ba, ni dai a wajena inuwa ce da itacen girki da katako shi ke nan. Sai wata safiya malaminmu ya fita da mu fili, ya samu farar leda ya zura wani reshe mai ganye a ciki ya ɗaure bakin tam, ya ce mu koma aji sai bayan azahar. Da muka dawo ledar ta yi gumi gaba ɗaya har ruwa ya kwanta a gindinta. Ya ce to kun ga wannan reshe ɗaya ne fa, ku ƙiyasta bishiyar duka, sannan ku ƙiyasta daji guda.

Ashe saiwa ce ke zuƙo ruwa daga ƙasa ganye kuma yana sakinsa sama kamar tururi, shi ya sa gindin bishiya ya fi rumfar kwano sanyi duk da cewa duka inuwa ce, kuma a dajin Amazon na Kudancin Amurka kaso mai yawa na ruwan saman da ake yi daga jikin bishiyoyin yake tashi ya sake saukowa. Ni wallahi a nan na fara jin kunyar irin saran da nake gani ina wucewa.

Da na fara aiki a wajen renon dashe kuma sai na ga na ƙasa. In aka yi ruwa mai ƙarfi, filin da ba bishiya ruwan gudu yake ja-wur da shi ya kwashe ƙasar noma ya bar zaizaya, amma inda saiwa ta riƙe ƙasa ga busasshen ganye ya rufe ta, a hankali yake nutsewa, kuma shi ne dai ruwan da mutane ke tararwa a rijiya da rani. Gawo ma har ya fi ba ni mamaki, da damina yake zubar da ganyensa, bai tare wa shuka rana ba ga taki ya ba ta kyauta.

Abin da ya fi min ciwo shi ne dashenmu na farko. Mun dasa da murna, aka ɗau hotuna aka watse, ba shinge ba mai ban ruwa, kafin rani ya raba awaki sun cinye wasu rana ta ƙone wasu. Wangari Maathai ta Kenya da ta ci kyautar Nobel a 2004, tun 1977 matan karkara ta riƙe a aikinta na dashen bishiyoyi, su suke reno su suke kula. Yanzu ni ma kafin in haƙa rami sai na san wa zai riƙa zuba ruwa har shekara ta zagayo, kuma a littafina waɗanda suka rayu nake rubutawa.